Maganar da Sabis Ya Yanke

Duk lokacin da na bi ta gaban shagon cajin waya na bakin tasha a nan Daura, sai wani cikinku ya taso ya tare ni: "Baba Nuhu, a sa mu a harkar nan mana." Harkar nan, wato tafinta ta waya. A ganinku aikin kwance ne. Mutum ya maƙala abu a kunne, ya jingina da bango, Bature ya faɗa ya mayar da Hausa, Bahaushe ya faɗa ya mayar da Turanci, shi ke nan an tashi. Har wani ya ce mini shi ma ya iya, tunda da Turanci yake kallon ƙwallo. To ku gyara zama. Ba zan hana kowa neman abincinsa ba, amma gara ku ji yadda abin yake daga bakin wanda ya yi furfura a cikinsa.

Ni ba a waya na koyi aikin ba. A barandar asibiti na koya, wajen Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, lokacin da wasu likitocin ido 'yan ƙasar waje suke zuwa duk rani suna yi wa tsofaffi aikin yana. Shi ne bakinsu, shi ne kunnensu. Ni kuwa na gama makaranta ina zaman banza, mahaifina ya kama hannuna ya kai ni ya ce in riƙa bin sa. Malam Ilu gajere ne, mai faɗa, kullum da goro a kunci. Wata da watanni bai bar ni na buɗe baki a gaban likita ba. Sai an tashi, muna takawa gida, sannan ya fara jefo mini tambaya.

"Tsohuwa ta ce zuciyarta na tashi. Me za ka ce wa likita?"

In na fara laluben sunan zuciya da Turanci, sai ya ja ya tsaya a tsakiyar hanya. "Amai take ji, sakarai! So kake a kwantar da ita a yi ta aunon ƙirji?"

Gobe kuma shawara. Mutum ya ce shawara ke damunsa, ba mai ba shi shawara ya rasa ba, idonsa ne ya koma ruwan ɗorawa. Jibi sanyi, wanda kowa da irin ciwon da yake kira da wannan suna. Abin da ya fi nanata mini shi ne kar in ƙara kar in rage, kuma kar tausayi ya sa in gyara wa mutum maganarsa. In majiyyaci ya zagi likita, in isar da zagin yadda yake. Na taɓa ganin ya yi hakan, fuskarsa ko gezau.

Da likitocin suka daina zuwa, na yi 'yan buge-buge: koyarwa a makarantar kuɗi, rubuta wa mutane takardar neman aiki, har tsaron kantin magani. Ina nan sai wani tsohon ɗalibina ya nuna mini wani kamfani na ƙasar waje da ke haɗa asibitoci da masu tafinta ta intanet. Suka gwada ni, suka ɗauke ni, suka karanto mini dokokinsu. Ɗaki shiru. Sabis mai ƙarfi. Ba ka faɗin garinku, ba ka karɓar lambar kowa, ba ka ba da taka. Abin da ka ji a kira ya mutu a cikinka. In layi ya yanke kuwa, na'urarsu nan take za ta miƙa kiran ga wani tafinta, kai ba ka da hanyar komawa ciki. Wannan ta ƙarshen ban ɗauke ta a bakin komai ba a lokacin, don a ɗakina na Daura sabis har ya yi yawa.

Sai zama ya kai ni ƙasar waje. Na ga kun ɗago kai, kuna zaton Dubai zan ce. A'a. Mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a Nijar, gaba kaɗan da Ɗan Barto. Bayan rasuwar mahaifina ta ce ita cikin danginta za ta ƙarasa, ta koma. Can ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, ni kaɗai ne ɗanta namiji, na tattara na bi ta. Na ce ai aikina a aljihu yake, duk inda na je yana nan. Ƙauyen, in gari ya yi haske, kana hango ƙarfen sabis na Najeriya can kudu kamar tsinke. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, aure a tsakani. Amma waya ba ta san zumunci ba. A wajenta ka fita ƙasarku, shi ke nan.

Kiran farko da na ɗauka a can, wata mata ce mai naƙuda a wani asibiti na Turai, ungozoma na ce mata ta yi nishi. Ina zaune a zauren kawuna, Kawu Salisu, ƙanin mahaifiyata. Na faɗi rabin magana sai na ji ɗif. Da na duba, ashe wayar ce ta saki sabis ɗin gida ta yi tsalle ta kama na Nijar da kanta, data ta tsaya. A ranar na koyi shiga cikin saitin waya in ɗaure ta a layi ɗaya, kamar yadda ake ɗaure akuya mai ɓarna.

Daga nan kaya suka fara taruwa. Waya biyu, kowace da layinta, ɗaya na gida ɗaya na can. Ɗan akwatin wayfai mai cin layi, wanda ya fi waya jin sabis daga nesa. Fawa banki manya guda biyu, da farantin sola da na ɗora a kan rumbu. Abin kunne mai makirifo, na naɗe bakinsa da guntun soso don kar iska ta riƙa hurawa a kunnen likita. Leda mai kauri saboda ruwa. Da gora doguwa, wadda ita ce ma uwar kayan, ko da yake ba za ku gan ta a cikin takardar kamfani ba. A kanta nake ɗaure akwatin da robar tayar babur in ɗaga shi sama.

Layin Nijar yana yi a cikin gari, amma rarrafe yake, murya ta riƙa zuwa guntu-guntu. Hira da aboki za ta yiwu a haka, sunan magani ba zai yiwu ba. Don haka na shiga farautar sabis ɗin gida. Na zaga ƙauyen nan da gora a kafaɗa, bayan masallaci, bakin rijiya, kan juji, mutane na kallona. A ƙarshe na same shi a kan wani tudu a gonar Kawu, kusa da wani gawo. A tsaye waya ta nuna sandar sabis ɗaya, in an ɗaga gora sanda biyu, wata rana uku in Allah ya so ka da rahama. Da damina ta zo gero ya tashi ya fi ni tsawo, sai na ga kamar abin ya ƙara ja baya. Na sa aka kafa mini rumfa mai bene irin ta masu korar tsuntsu, na ɗaure gorar a jikinta. Ofishina ke nan.

Kawu ya zo ya tsaya a ƙasa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallona ina ta zuba Turanci ni kaɗai.

"Nuhu, lahiya dai ko? Mutane sun ce da aljannun gawon nan kake hira."

Na ce, "Kawu, aiki nake."

"To madalla. Tunda kana bisa, in ka ga buwa ta sauka ka ɗan yi mata tsawa."

Haka kuwa aka yi. Tsakanin kira da kira ina korar tsuntsu. Kamfani kuma suna da masu sauraren kira su ba da maki, kullum ƙorafinsu ɗaya: ana jin dabbobi a bayanka. Na rasa yadda zan yi in fahimtar da mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi cewa jakin maƙwabci ba ya karɓar umarni daga wajena.

Kuna tambaya su wa ke kira. Mutanenmu ne da suka watsu a duniya, kuma ba wanda ke neman tafinta ranar farin ciki. Yaron da ya tsallake teku ya bar ɗan'uwansa a ciki, yana gaban likitan ƙwaƙwalwa ya kasa haɗa magana. Mai aikatau a ƙasar Larabawa da ta faɗo daga bene. Dattijon da za a gaya wa ciwon daji ne kuma ya riga ya bazu, kai ne za ka faɗa masa da harshen uwarsa, ka saurari shirun da zai biyo baya. Ana gamawa layi ya rufe. Ba ka sanin ko an warke ko an mutu. Ka sha ruwa, wani kiran ya shigo. Abin yana cin rai, ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da nake saukowa daga rumfar nan ko tuwo ba na iya kallo.

Sai mummunar shekarar ta zo, wadda aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa musu daga wajenmu. Kun san ta, kuna nan. Ku abin da kuka gani shi ne manyan motoci sun yi layi a Kwangwalam, kaya na ruɓewa. Mu a can duhu muka gani. Ƙarfen sabis na garin da ke kusa da mu ya koma kan janareta, mai kuma ya yi wuya, sai ya yi aiki da safe ya mutu kafin azahar. Layina na can ya zama ado. Da, in na gida ya gaza, nakan lallaɓa da shi ko da rarrafe ne. Yanzu ya rage saura gora ɗaya da tsinken nan na kudu, ba mataimaki.

A cikin wannan daminar aka fara haɗa ni da wani dattijo. Zan kira shi Alhaji Mamman, ba sunansa ke nan ba, garinsu ma zan ce wajen Mashi ne in bar shi a haka. Falken shanu ne, babban ɗansa ya kai shi Indiya aka yi masa aikin mafitsara. Ɗan ya iya Turanci sarai, amma kun san dattijan wajenmu da ɗan fari. Ko sunansa Alhaji ba ya faɗa, "yaron nan" yake cewa, balle ya zauna yana bayanin fitsarinsa a gabansa. Likita na shigowa sai Alhaji ya kori ɗan waje, a kira tafinta. Da asibitin suka ga mun saba, suka riƙa neman a ba su ni.

Kiranmu na biyu ne ko na uku, likitar, wata mace mai saurin magana, tana cikin bayanin magani, sai Alhaji ya katse ta.

"Kai ɗan nan, wane gari kake?"

Na ce, "Baba, ba a yarda mu faɗa ba."

"To kar ka faɗa. Amma jakin nan da ke kuka bayanka dai ba ɗan Indiya ba ne."

Doka ta ce duk abin da aka faɗa sai na isar, don haka na gaya wa likita cewa majiyyaci ya ce jakin ba ɗan ƙasarsu ba ne. Ta yi dariya har da tari. Tun daga ranar, kafin a fara komai sai ya tambaye ni ko an yi ruwa, gero ya fara fitar da kai ko tukuna. In ce masa an yi, Baba, ya fara. Sai ya ja numfashi ya ce, "Allah ya sa mu ci da rai." Masu ba da maki sun rage mini saboda wannan hira, ban damu ba. Mutumin ya shiga raina, muryarsa irin ta mahaifina ce.

A nan sai ku buɗe kunne, don wannan ba ta cikin kowane littafi. Bahaushe, ko a kan tabarma aka ɗauko shi, in ka ce masa ya jiki, "da sauƙi" zai ce. Ba ƙarya yake ba. Gaisuwa ce, kuma godiya ce ga Allah. Amsar da likita ke nema tana can baya, sai an ɗan jira, ta fito da "sai dai". In ka yi gaggawa ka juya "da sauƙi" kai tsaye, likita zai ji an ce an samu lafiya, ya rubuta, ya wuce tambaya ta gaba, majiyyaci kuma ba zai katse babba ya ce bai gama ba. Don haka nakan ɗan yi shiru in ba mutum fili. Na Alhaji kuwa jiran mai tsawo ne. Sai ya ce da sauƙi, ya yi hamdala, ya gode wa likita, ya sa wa iyayenta albarka, sannan a hankali ya sauko kan abin da ke damunsa. Kuma sau ɗaya yake faɗa. A wajensa maimaita kuka raki ne, kuma rashin godiya.

Ranar da zan ba ku labari, bayan la'asar ne a wajenmu. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa geron. Ina shirin sauke gora sai kira ya shigo, na ga asibitin su Alhaji ne, na ɗauka. Likita ta ce wannan ne ganin ƙarshe. Jirginsu zai tashi kafin wayewar gari. In babu wani sabon abu, za ta sa hannu a takardar da ke cewa zai iya hawa jirgi. Na juya masa. Ya ce ai shi har ya sa kayansa, babbar riga da hula, tun hantsi yake zaune a shirye.

Ta ce in tambaye shi yadda yake ji.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Na jira. Ina jin likita tana ƙwanƙwasa biro a kan tebur. Rumfa ta fara rawa a ƙarƙashina.

"Sai dai ƙafar nan ta hagu," in ji shi, ya sassauta murya. "Tun shekaranjiya sha-raɓar ta kumbura, ta ɗau zafi kamar an kara garwashi. In na taka zuwa bayi kuma, numfashi sai ya riƙa yi mani gardama. Ban faɗa ma yaron nan ba, kar ya ɗaga tafiyar. Damina ta yi nisa ban ga gona ba."

Ni ba likita ba ne, amma na yi tafinta a irin wannan magana ba sau ɗaya ba. Na san in wanda aka yi wa aiki ya ce ƙafa ɗaya ta kumbura kuma numfashi na ƙin sa, likitoci kan ajiye biro su miƙe tsaye. Jini ne kan daskare a jijiya, in ya ɓalle ya tafi huhu, kuma doguwar tafiya a jirgi ita ce abin da suka fi tsoro.

Na ce, "Likita, ya ce..."

Aka yi wata walƙiya can kudu. Kunnena ya yi ɗif.

Na ɗaga kai, fitilar akwatin ta koma ja. Na kwance gorar na miƙe tsaye a kan rumfa na ɗaga ta iya tsawon hannuna, iska na neman jefar da ni. Babu. Na kashe na kunna. Na cire layin na sa a waya. Na jawo ɗaya wayar mai layin Nijar, ko sanda ɗaya babu, tun azahar ya mutu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na cusa wayoyin a leda na diro, na yanki gonaki na nufi kudu da gudu, ina tsayawa ina leƙa ledar, ina ƙara gaba. Na yi nisa har na fara hango shingen iyaka da sojoji suke, sannan na gane ba nisa ba ne matsalar. Ƙarfen ne da kansa ya mutu. Na tsaya a cikin gonar wani, jiƙe sharkaf, ina ta faɗin maganar da Turanci da ƙarfi, ba mai ji sai gero.

Na san abin da ke faruwa a ɗakin nan kamar ina ciki. Na'ura ta miƙa kiran ga wani. Sabuwar murya ta yi sallama, ta ce Baba ya jiki. Me zai ce? Shi a saninsa ya riga ya faɗa, kuma ya ji na fara isarwa. Wanda ya karɓa kuwa bai san an yi wata magana ba. Abin da ya ji shi zai juya, kuma daidai zai juya. Ban ga laifinsa ba har yau. Abin da na riƙe a raina shi ne wataƙila likitar ta ɗaga rigar ta duba ƙafar da kanta.

Sabis bai dawo ba sai washegari da rana ta take. Nan take na rubuta wa shugabarmu a kamfani abin da Alhaji ya faɗa, kalma da kalma, na ce a gaggauta sanar da asibitin. Amsa ta zo cikin ladabi. An gode mini. Wani tafinta ya kammala kiran ba tare da matsala ba. Za a tura bayanina inda ya dace. Ni ba ni da lambar asibiti, ba ni da ta ɗan. Jirgi kuma, in lissafina daidai ne, ya riga ya tashi.

Duk da haka na kasa zama. Na ce ko sun sauka lafiya, dole wani ya san maganar ƙafar nan a kai shi asibiti a Kano ko Katsina. Doka ta hana ni neman majiyyaci, na sani, kuma na san aikina zai iya tafiya a kan haka. Na shiga wajen mahaifiyata na ce zan leƙa gida in dawo. Ta ce, "Da iyaka a rufe?" Na ce akwai hanya. Na bar ta a hannun matar Kawu.

Hanyar ita ce ta daji, a bayan ɗan kabu-kabu, ta cikin gonaki da burtali. Ruwan jiya ya cika wani rafi, muka zauna a bakinsa tare da masu buhunan shinkafa muna jiran ya janye, har rana ta faɗi. Muka kwana a wata ruga. Da safe muka tsallake, na sauya babur, na sake sauya wani, ina tafe ina maimaita abin da zan ce wa ɗan in mun haɗu. Abin da na sani game da su kaɗan ne: sunan Alhaji, sana'arsa, da sunan garin da ya taɓa suɓuce masa a hira.

Na isa bayan azahar. A bakin tasha na sami wani mai shayi yana wanke kofuna, na yi sallama na ce ina neman gidan Alhaji Mamman mai shanu, wanda aka kai Indiya.

Bai ko ɗago sosai ba. Ya nuna da haɓa. "Gaisuwa ka zo? Bi mutanen can, can za su."

Na bi su.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan har bakin hanya, an kafa rumfa, takalma sun taru a gefe. Na cire nawa na samu gefen tabarma na zauna. Aka yi addu'a aka shafa. Daga inda nake ina ganin ƙarfen sabis a bayan gidan, kusa ƙwarai, har ana jin ƙugin injinsa. Na kusa da ni ya nuna mini babban ɗan, wani mai kimanin shekara arba'in, idanunsa sun yi ja, yana karɓar gaisuwa. Da mutane suka ɗan ragu na matsa na miƙa masa hannu.

"Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinsa. An gode, Malam."

Ban tambaye shi ba, shi ya fara, da alama ya faɗa sau da yawa har bakinsa ya saba. Jirgi ya sauka a Kano lafiya. Alhaji ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ce a miƙo masa sandarsa. Taku kaɗan ya yi ya dafe ƙirji ya sulale. Kafin a fito da shi rai ya yi halinsa. Jiya da yamma aka kai shi.

"Abin da ke sanyaya mani rai, Malam," in ji shi, "bai sha wahala ba. Lafiyarsa lau muka taso. Likitar da kanta ta ce mani ta tambaye shi, ya ce da sauƙi, ba inda ke masa ciwo. Na yi iya yina, na kai shi, an yi aiki, ya warke. Kwana ne ya ƙare. Da a ce akwai abin da na gani na ƙyale, wallahi da ban san yadda zan yi da raina ba."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

"Amin." Ya ƙara dubana. Bai san muryata ba, tunda kullum a waje yake in muna magana. "Sai dai ban shaida Malam ba. A kasuwa kuka san juna da Baba?"

"Mun sha yin magana dai."

"Allah sarki. Ga shi ka sha hanya, duk taɓo a jikinka." Ya riƙe hannuna da nasa biyu. "Ko akwai wata magana da ya bari a wajenka?"

Tana nan a bakina, da Hausarta da Turancinta, ko kalma ɗaya ban manta ba. Na dubi jajayen idanun nan.

Na ce, "Babu."

Ya gyaɗa kai ya saki hannuna, ya juya ga na bayana. Na tashi na shiga neman takalmana a cikin na mutane.